Wasiƙa Zuwa Ga Kafintoci Masu Shimfiɗa Dakalin Katako A Fili

 

Tun da masu otal da attajirai suka fara sha'awar a shimfiɗa musu dakalin katako a farfajiya domin shan iska, na lura yawancinku kun ɗauki shafe-shafen da ake yi wa katakon a matsayin ado na ƙarshe, alhali kuwa shi ne rukunin aikin, kuma mafi yawansa wajibi ne a gama shi tun ba a buga ƙusa ko ɗaya ba.

Ku fara da lura da halin katakon kansa. Abin da kuke saye a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da makamantanta, galibi daga dazuzzukan kudu ya taho, sau da yawa da sauran ɗanyantaka a jikinsa. Idan aka shafe shi a wannan hali, to an kulle ruwa a ciki ke nan, sa'an nan hunturu ya zo ya tsotse shi, ya tsage, ya kantare, damina kuma ta dawo ta tarar da ƙofofi a buɗe. Saboda haka a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, a yi haƙuri har ya bushe. Iroko da maɗaci suna da juriya; obeche kuwa tuwon gara ne, kada kuɗin mai aiki ya sa ku shimfiɗa shi a fili. Ko a irokon ma, farin gefen nan ba shi da ƙarfin zuciyar itacen.

To, ga inda amana take. Fuskar da mai gida zai gani kowa yana gyara ta, amma ruɓa da gara ta ƙarƙashi suke shigowa, da ta bakin allo inda zarto ya yanka, domin nan ne jijiyoyin itace suke buɗe, suna shan ruwa ninkin-ba-ninkin abin da fuska take sha. Wanda ya ƙawata sama ya bar ƙasa tsirara, ya kuma karɓi lada cikakke, ni dai ban san sunan da za a ba aikinsa ba in ba algus ba. A jiƙa kowane baki da maganin gara irin su Solignum har sai ya ƙi sha, a shafe bayan allo da gungumen da zai ɗauke shi, a ɗaga ginshiƙai bisa siminti don kada su taɓa ƙasa, a kuma bar tazarar kamar milimita 5 tsakanin alluna domin ruwa ya sami mafita. Maganin nan guba ne, sai a rufe hannu da hanci. Baƙin man mota da wasu ke shafawa don araha yana ɓata tufafi, yana kuma cutar da yaran da za su yi rarrafe a wurin.

Game da fuska kuwa, na san mai aiki zai nemi banish saboda ƙyallinsa, amma haƙƙinku ne ku yi masa nasiha: banish fata yake yi a saman katako, rana ta fasa shi, ruwa ya shige ƙarƙashi, ya ɗaye, gyaransa kuwa sai an kankare duka. Man da ke nutsewa cikin itace, wanda aka gauraya da ɗan launi, ya fi dacewa, gama launin ne ke tare zafin hasken rana da ke mai da katako toka-toka. A goge da sanfefa mai lamba 80, a share ƙura, a shafa bisa tsawon allo da hantsi ko bayan la'asar, abin da bai nutse ba a goge shi da tsumma kafin ya yi danƙo. Kada a yi shafin ranar da hadari ya haɗu, ko ranar da ƙurar hunturu ta turnuƙe.

Ku sanar da mai gida cewa kowace shekara kafin ruwa ya sauka ya ɗiga ruwa a kan allo: in ya tsaya dunƙule, lafiya, in ya nutse, lokacin sabon shafi ya yi. Tsummokaran da suka sha irin wannan mai kuwa kada a tara su a lungun shago, domin suna iya kamawa da wuta da kansu. A jefa su cikin bokitin ruwa.