Kafin Mu Shimfiɗa Laminet, Mu Fara Duba Daɓe



Da yawanmu idan za mu gyara ɗaki, kuɗinmu kan ƙare ne a kan abin da baƙo zai gani. Mu zaɓi laminet mai kyau, wato fallayen nan masu kama da katako, mu biya mai aiki, amma daɓen simintin da za a ɗora su a kai ko kallonsa ba ma yi. A ganinmu, rabin aikin yana can ƙasa, musamman a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda daɓe ya fi rashin daidaito kuma ya fi danshi.

Laminet ba a manna shi da siminti kamar tayil. Fallayen suna maƙale juna ne ta wani siririn baki. Idan akwai kwari a ƙarƙashi, duk takun da aka yi sai fallen ya lotsa ya dawo. Yau da gobe bakin ya karye, mahaɗa ta buɗe, ƙara ta fara. Shi ya sa yawancin kamfanoni ke sharɗanta kada tudu ko kwari ya wuce kamar milimita 3 a tsawon mita 2.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Mu samu miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2, mu riƙa kwantar da shi wuri-wuri, mu zagaye inda haske ke ratsawa da alli. Tudu a goge shi da inji, mai aikin ya sa takunkumi domin ƙurar siminti na illata huhu. Kwari kuma a share shi, a shafa maganin da ke sa sabon kwaɓi ya kama tsoho, sannan a zuba kwaɓin nan mai ruwa-ruwa da ke bajewa da kansa.

Wasu masu aiki za su ce a ninka soson da ake shimfiɗawa a ƙasa, zai rufe ramin. Kada mu yarda. Soson bai fi milimita 2 zuwa 3 ba, kuma ninka shi ƙara lotsawa yake yi. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Sai danshi. Cikin laminet garin katako ne da aka matse, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Mu manna leda a daɓe, mu liƙe gefunanta, mu bar ta kwana ɗaya. In ta yi gumi, a nemo inda ruwan ke shigowa tukuna. Daɓen da ya bushe a hunturu yana iya tsattsafo da damina, don haka a shimfiɗa leda mai kauri, a kuma bar tazarar kamar milimita 10 a jikin bango.

Mun san uzurin: kuɗi sun yi ƙasa, ga biki ko salla ta matso. Gaskiya ne gyaran daɓe na ƙara kuɗi da kwanaki. Amma wanda ya tsallake shi zai kwashe kayan ɗaki, ya ɗaga fallayen, ya gyara daɓen da ya guje wa, sannan ya sayi sababbi. In kuɗin ba su isa duka biyun ba, gara a gyara daɓe bana, a shimfiɗa ledar tsakar ɗaki, laminet ya jira baɗi.

Masu sana'ar da ke cikinmu, nawa kuke karɓa a kan daidaita ɗaki ɗaya? Allah ya sa albarka a gumin kowa.