Yaron da ke surutu a mota ba da ku yake ba

Akwai iyaye mata a garuruwanmu da suka haƙura da shiga motar haya tare da 'ya'yansu. Ranar ganin likita sai su ɗauki shatar A Daidaita Sahu, su biya kuɗin mutum uku, duk da tsadar da sufuri ya yi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Bakin mutane suke gudu, domin yaron yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, kuma ba ya iya riƙe muryarsa.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da irin wannan yaro ya ga abin. Kwandasta ya ce "Saura mutum ɗaya!", yaron ya karɓe, ya yi ta nanatawa da irin muryar kwandastan har a yi nisa. Wani yaron gunji yake yi ƙasa-ƙasa yana jijjiga jiki. Wani kuma da tirela ta danna hon sai ya toshe kunnuwa ya ƙwala ihu. Da yawansu ƙara da wari da cunkoso suna isa gare su da ƙarfin da ya fi na sauran mutane, ga zafi, ga hayaƙi, ga rediyon direba. Sau da yawa wannan nanata magana ita ce dabarar da jikin yaron ya samu ta kwantar masa da hankali. Shi ya sa tsawa ba ta sa shi shiru, sai dai ta ƙara birkita shi.

Mu kuwa me muke yi? "Hajiya, ki kwaɓe shi mana." Wata ta ce rashin tarbiyya ne, wani ya ce aljanu ne, har da kwatancen gidan mai magani. Wanda ya fi ci mini rai shi ne matashin da zai zaro waya ya hau ɗaukar bidiyo don TikTok. Uwar ta sunkuyar da kai tana ba da haƙuri a kan laifin da babu wanda ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, kuma yaran nan girma suke yi. A nan tsorona ya fi yawa. Ƙaramin yaro ana iya yi masa uzuri, amma mai gemu da ke magana shi kaɗai a bas, nan da nan za a ce ɗan ƙwaya ne, a sauke shi a inda bai sani ba, wani lokacin ma da mari.

Doka ba ta yi shiru ba. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya karya ta, kuma ta shafi sufuri. Sai dai idonmu ya saba da keken guragu da sandar makaho, lalurar da ba a gani kuwa an bar ta a baya. A Ingila, filin jirgin Gatwick ya fito da igiyar wuya mai hoton furen sunflower a 2016, don ma'aikata su gane mai irin wannan buƙata. Ban ga dacewar mu fara da haka ba, domin alama a wuyan yaro, a inda ba a fahimci abin ba, tsokana za ta jawo masa.

A tasha ya kamata a fara. Kamata ya yi hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa ta zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin 'yan A Daidaita Sahu, a Unguwa Uku da Kawo da sauran manyan tashoshi, a yi wa direbobi da 'yan kamasho bayani da Hausa: a ba uwa da ɗanta wuri kusa da taga, a rage rediyo idan ta roƙa, kada a taɓa yaron, kada a sauke kowa saboda muryarsa. Direba ne mai faɗa a ji a cikin motarsa. Idan ya waiwayo ya ce "Ku ƙyale shi, lalura ce," yawancin fasinjoji za su kama bakinsu.