Mudun da Ake Auna Gwarzon Ƙwallon Kwando

Ba al'adar wannan jarida ba ce ta tsoma baki cikin gardamar masu kallon wasa, domin galibi gardama ce da ake farawa da hantsi a manta da ita kafin la'asar. Amma wadda ta tashi a watan Mayu na shekarar 2025, sa'ad da hukumar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ta bayyana cewa Shai Gilgeous-Alexander, mutumin Kanada mai yi wa Oklahoma wasa, shi ne gwarzon shekara, aka bar Nikola Jokic na Denver yana biye da shi, ta ƙi lafawa, har ta ƙetaro teku ta iso majalisun samarinmu, waɗanda suke hana idanunsu barci saboda wasan da ake yi can da almuru yana riskarmu nan a tsakar dare, wani lokaci ma a sulusinsa na ƙarshe. Da muka kasa kunne sai muka tarar abin da ake jayayya a kansa ya wuce jefa ƙwallo cikin kwando, magana ce ta awo da mai awo da mudun da ke hannunsa, wannan kuwa babi ne da ya shafi kowane mai hankali, ko da bai taɓa taka filin wasa ba.

An fara ba da wannan kyauta a shekarar 1956, Bob Pettit ne ya fara karɓarta, sunan da aka raɗa mata kuwa ma'anarsa ita ce wanda ya fi kowa ƙima. Tun daga ran nan har yau ba a ajiye nassi ko ɗaya da ya fassara wannan ƙima ba, aka bar kowane alƙali da ijtihadinsa. Da fari 'yan wasan ne da kansu suke zaɓe, har zuwa 1980, sannan aka miƙa al'amarin ga marubuta da masu sharhi na rediyo da talabijin, waɗanda a yanzu adadinsu ɗari ne, kowanne ya jera sunaye biyar, na farko ya sami maki goma, na biyu bakwai, sai biyar, sai uku, sai ɗaya. Suna miƙa takardunsu ne da zarar an kammala wasanni 82 na kaka, kafin a shiga zagayen fitar da zakara. A wannan karo mutum 71 suka sa Shai a gaba, 29 suka sa Jokic.

Saɓanin tsoho ne, ya girmi duk wanda yake yinsa yau. A kakar 1962 Wilt Chamberlain yana cin maki 50.4 a kowane wasa, har ya ci ɗari cif a dare guda, Oscar Robertson kuma ya haɗa abin da ba a taɓa haɗawa ba, wato goma ko fiye a kowane wasa in an raba daidai, a fannoni uku, a cin maki, da kamo ƙwallon da ta kuskure kwando, da miƙa wa abokin wasa ƙwallon da zai ci da ita. Amma da aka tambayi 'yan wasa, waɗanda su ne suka sha gwiwar hannu a ƙirji suka san wanda ya fi gallaba musu, sai suka zaɓi Bill Russell na Boston, wanda makinsa bai kai ashirin ba, don ƙungiyarsa ce ta fi kowa nasara kuma tsaron da yake yi ne ginshiƙinta. Shekara goma sha huɗu bayan haka, 'yan wasan dai suka ba Kareem Abdul-Jabbar, alhali ƙungiyarsa Lakers ta ci 40 ta sha kashi 42, ko zagayen fitar da zakara ba ta shiga ba. Daga nan mazhabobi biyu suka kafu. Ɗaya ta ce gwarzo shi ne jagoran ƙungiyar da ta fi nasara, ɗaya ta ce shi ne wanda in an cire shi rufin gidan zai rufta.

Hujjar Shai ba mai rauni ba ce, kuma ba za mu tauye ta ba. Ya fi kowa cin maki, 32.7 a kowane wasa. Ƙungiyarsa ta ci 68 cikin 82, tana rinjayar abokan karawarta da kusan maki goma sha uku in an raba daidai, tazarar da babu ƙungiyar da ta taɓa kaiwa a tarihin gasar, ta kuma yi haka ne alhali dogonta Chet Holmgren ya karye a ƙugu tun watan Nuwamba, wasa 32 kaɗai ya buga. Shai ba ya kwance ɗamara in ƙwallo ta koma hannun abokan gaba, a wannan fanni ma ya fi Jokic kuzari. Masoyansa suna ƙarawa da cewa sau da yawa yakan zauna a benci a rubu'in ƙarshe saboda an riga an gama da wasan, da an bar shi da lissafinsa ya fi haka. Gaskiya suka faɗa.

Duk da haka, da an miƙo mana takarda, sunan Jokic za mu fara rubutawa. Ga mutum dogo, mai nauyin jiki, wanda in ka gan shi yana tafiya sai ka ce bai taɓa gudu ba, wanda aka ɗauka na arba'in da ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2014 bayan ƙungiyoyi sun yi ta tsallake shi, ya gama kaka da maki 29.6, da kamu 12.7, da miƙo 10.2 a kowane wasa, ya zama na uku a tarihi da ya haɗa goma-goma a fannoni uku tsawon kaka guda, bayan Robertson da Russell Westbrook, shi ne kuma na farko daga cikin dogayen da ake ajiyewa ƙarƙashin kwando. A fannonin nan uku babu inda ya sauka ƙasa da na uku a duk gasar. Ranar 7 ga Maris, a karawarsu da Phoenix, ya ci maki 31, ya kamo 21, ya miƙa 22, abin da littafin gasar bai taɓa ɗauke da irinsa ba. Ranar 1 ga Afrilu ya ci 61 a kan Minnesota, aka ƙara lokaci har sau biyu, Denver ta faɗi da maki ɗaya tak, a ganinmu kuwa wannan dare shi ne tafsirin kakarsa baki ɗaya: mutum ya yi duk abin da ɗan Adam zai iya, gidan kuma yana yoyo ta ko'ina. Mako guda bayan haka masu ƙungiyar suka sallami kocinta Michael Malone da babban manajanta a rana ɗaya, saura wasa uku a rufe kaka. A cikin shekara goma da ya yi a Denver zuwa wannan lokaci, ba a taɓa zaɓar abokin wasansa ko ɗaya zuwa wasan taurari na tsakiyar kaka ba, Shai kuwa da Jalen Williams suka tafi tare. Da wannan hali Denver ta ci 50. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, mu kuwa mun ga wanda ya cinye malmala gaya.

Za a ce mana, to, tazarar wasa goma sha takwas fa, ƙarya ce? Ba ƙarya ba ce, sai dai dukiya ce ta tarayya. Akwai rabon Williams a ciki, akwai na Luguentz Dort da Alex Caruso da suke shaƙe duk wanda ya riƙe ƙwallo, akwai na koci Mark Daigneault, akwai na manaja Sam Presti wanda ya yi shekaru yana tara waɗannan samari ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiya tana da nata kofin, koci yana da tasa kyautar, manaja ma haka. Wannan ta gwarzon shekara ita ce aka keɓe wa mutum a kan kansa, in aka mayar da ita ladan jama'a sai a ce an raba gado an ba mai kaso biyu kaso uku.

Amma ba wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba, domin mujtahidai biyu suna iya duban hujja ɗaya su saɓa, babu mai zargin ɗayansu. Abin da ya dame mu shi ne alƙalan ba su da mudu guda. A 2022 Phoenix ta ci 64, ba a ba jagoranta Devin Booker ba. Joel Embiid ya fi kowa maki, shi ma ba a ba shi ba. Aka ba Jokic, wanda ƙungiyarsa ta zo ta shida a shiyyar Yamma da nasara 48, aka ce ai shi kaɗai ya ɗauki kaya, tun da cikin abokan wasansa Jamal Murray bai buga ko wasa ɗaya ba, Michael Porter kuma tara ya buga. Madalla. A 2023 Denver ta zo ta ɗaya a Yamma, sai aka ce a'a, bana yawan maki ake dubawa, aka ba Embiid. A 2024 Luka Doncic ya fi kowa maki, Boston ta fi kowa nasara, ba a waiwayi ko ɗaya ba, aka sake ba Jokic. A 2025 sai ga yawan maki da yawan nasara sun zama su ne hujjar da ba a jayayya da ita. In ka koma baya zuwa 1997 za ka tarar da Michael Jordan riƙe da wannan hujja ta Shai daidai wa daida, ya fi kowa maki, ƙungiyarsa Chicago ta ci 69, amma aka ba Karl Malone na Utah, saboda Jordan ya riga ya karɓa sau huɗu an gaji da kiran sunansa. Su kansu Amurkawa suna da laƙabi ga wannan cuta, suna kiranta gajiyar masu zaɓe, suna faɗinta da murmushi kamar ba aibi ba ce. Mutum uku kaɗai suka taɓa karɓa sau uku a jere, Russell da Chamberlain da Larry Bird. Jokic ya riga ya karɓa sau uku, ko da yake ba a jere ba, ta huɗu kuwa da ta ajiye shi sahu ɗaya da Chamberlain da LeBron James, muna kuma kyautata zaton cewa wannan ya yi wa wasu alƙalan nauyi a hannu fiye da duk wani lissafi. Alƙalin da zai dubi mai ƙara ya ce ai ka ci shari'a bara, bana sai ka haƙura, sunansa ba alƙali ba.

Kada mu wanke kanmu. Tun bayan James Harden a 2018 ba a sake ba haifaffen Amurka ba har zuwa wannan karo, mu ma kuwa mun sami rabo a ciki. Mun yi murna da Giannis Antetokounmpo, wanda aka haifa a Girka iyayensa 'yan Nijeriya, sa'ad da ya karɓa a 2019 da 2020, mun yi murna da Embiid, maƙwabcinmu haifaffen Yawunde, ba mu kuwa tsaya tambayar da wane mudu aka auna masa ba. Son kai ba ya buƙatar biza.

Akwai kuma masu cewa magana ta ƙare, tun da Oklahoma ta fitar da Denver a wasa na bakwai, ta je ta doke Indiana ta ɗauki kofi, aka kuma ba Shai kyautar gwarzon wasan ƙarshe. Wannan shaida ce da ta iso bayan an yanke hukunci an tashi daga majalisa, ba ta gyara shi ba ta ɓata shi. Muna faɗin haka ne ko da a kan namu. A 1995 aka miƙa wa David Robinson na San Antonio kyautar gwarzon shekara a gaban Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda shi ya riƙe ta shekarar da ta gabata, mutumin da yake buga wasa da azumin Ramalana a bakinsa. A daren nan Hakeem ya ci 41, ya yi ta juya Robinson kamar waina a tanda har ƙungiyarsa Houston ta fitar da su ta je ta ɗauki kofi. Babu ɗan Nijeriyar da ya ga wannan bai ji daɗi ba, amma bai soke abin da Robinson ya aikata cikin wata shida da suka gabata ba, kamar yadda fitar da Dallas a zagayen farko a 2007 bai ƙwace wa Dirk Nowitzki tasa ba. Wanda ya kafa hujja da kofin Shai, wajibi ne ya karɓi kofin da Jokic da Denver suka ɗauka a 2023 a matsayin hujja a kan Embiid, mun kuwa lura da yawansu ba sa so.

Hukumar ta nuna tana iya rubuta doka in ta ga dama. Daga kakar da ta ƙare a 2024 ta shar'anta cewa duk wanda bai buga wasa 65 ba babu shi babu kyauta, don ta hana manyan 'yan wasa yawan hutu, cikin waɗanda dokar ta ci kuwa har da Embiid, wanda ya ci maki 70 a kan San Antonio a watan Janairu, gwiwa ta kwantar da shi, ya ƙare da wasa 39. Wanda ya iya ƙayyade ranakun aiki bai kamata fassara kalma ɗaya ta gagare shi ba. In kuwa hukumar ta fi son a bar ƙofar a buɗe, saboda gardamar ita ce take sayar mata da haja daga Disamba har Afrilu, to, akwai abin da ya fi sauƙi. An riga an saba wallafa takardar kowane alƙali da sunansa bayan zaɓe. Muna roƙon a ƙara layi ɗaya: tun watan Oktoba, kafin a jefa ƙwallon farko, kowane ɗaya daga cikin ɗarin nan ya rubuta mazhabar da zai bi, ko ta jagoran masu nasara ko ta mai ɗaukar kaya shi kaɗai, a ajiye, in Afrilu ta zo a buga ta gefe da gefe da sunaye biyar ɗin da ya jera.