Ra'ayinmu: Hannun wakili, hannun mai gida ne

Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa a ƙofar sarakunan zango da limamai, tun daga Nima a Accra har Aboabo a Kumasi. Mai gida ya saba aika yaronsa ya ɗauko masa kaya bashi wurin babban ɗan kasuwa, shekara da shekaru, yana biya ƙarshen wata. Ran nan suka ɓata, ya sallami yaron, amma bai gaya wa kowa ba. Yaron ya koma ya ɗauki buhunan shinkafa da sunan mai gida, ya yi layar zana. Mai kaya ya zo karɓar kuɗinsa, mai gida ya ce, "Ni ban aike shi ba." To, wa zai biya?

Da yawa za su ce ai mai gida ba ruwansa. Doka ba haka take gani ba. Ƙa'idar wakilci da kotunan Ghana ke aiki da ita, wadda ƙasar ta gada daga tsarin shari'ar Ingila, ta tsaya ne kan magana guda: abin da wakilinka ya ƙulla cikin ikon da ka ba shi, kai ka ƙulla. Kuma ikon nan ba sai wanda ka furta da baki kaɗai ba. In ka saba wa mutane cewa wane yana ciniki da sunanka, suka yarda da shi saboda abin da suka gani daga gare ka, to kotu na iya ɗaure ka da cinikinsa, ko da kun riga kun rabu a ɓoye. Mai kaya bai san gaibu ba. Sai dai ka biya, daga baya ka nemi haƙƙinka wurin yaron, in ka same shi.

Haka nan in wakili ya wuce gona da iri, ya sayo abin da ba ka sa shi ba, kai kuma ka sani amma ka karɓi kayan ka sayar, to ka amince ke nan. Ba a cin riba a ƙi bashin.

Shi ma wakili kada ya ɗauka ya tsira. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wajibi ne ya tsaya kan umarnin da aka ba shi, ya kula da dukiya, ya kawo lissafi, kada kuma ya haɗa kuɗin mai gida da nasa. Dillalin da aka ce ya sayar da sa, ya sayar sama da farashin da ya faɗa ya soke ragowar a aljihu, ko ya karɓi la'ada a ɓoye daga mai saye, doka ta ce kuɗin nan na mai sa ne, sai ya mayar. Wanda kuwa ya yi da'awar wakilcin da ba shi da shi, asarar da ya jawo a wuyansa take.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, wakili amintacce ne: ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Matsalarmu dai ita ce iyakar ba a faɗarta, balle a rubuta. Kunya ta hana mu ce wa ɗan'uwa "sa hannu nan", sai ga shi kunyar ta kai mu kotu, zumunci ya watse.

Abin ya fi muni ga 'yan'uwanmu da ke Jamus ko Amurka, masu turo kuɗin gumi a saya musu fili ko a yi musu gini. Saƙon murya a WhatsApp bai isa ba. Tun 1998 Ghana ke da dokar takardar wakilci, wadda mai ba da iko zai sa wa hannu a gaban shaida. A 2020 kuma aka yi dokar da ta wajabta wa dillalan gidaje da filaye samun lasisi. Tambayar dillali lasisinsa ba cin fuska ba ne.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu: ku rubuta abin da kuka sa wakili, da iyakar kuɗin da zai iya ɗauka da sunanku, ku sanar da abokan hulɗa. Ranar da kuka sallame shi, kafin faɗuwar rana ku tabbata duk wanda ya san shi da sunanku ya ji labari. Shugabannin kasuwa da limamai su ma su riƙa tunatarwa, kada su jira sai an kawo musu ƙara. Rigakafi dai ya fi magani.