Filin Malam: In Jirgin Wasa Ya Ƙi Jin Magana

Kowace Kirsimeti kayan wasa masu rimot suna ƙara yawa a kasuwannin Makarfi, Ikara da Kudan, motoci da ƙananan jiragen sama. Kafin sabuwar shekara kuwa da yawa an jefar da su, wai sun lalace. Sau da yawa lafiyarsu lau, sai dai wata murya ce ta shiga tsakanin akwatin da ke hannun yaro da jirgin.

Akwatin nan ƙaramin gidan rediyo ne. Ku juya bayansa, za ku ga an rubuta 27 MHz, ko 49 MHz, ko 2.4 GHz, watau zangon da yake magana a kai. In yara biyu suna da mai lamba 27, to, jirgin ɗaya yana iya bin umarnin ɗayan. Daga nan faɗa ya tashi, har iyaye mata su daina gaisawa, alhali ba mai laifi. Maganinsa su yi wasa bi da bi. Masu lamba 2.4, waɗanda suka fara yaɗuwa wajen 2005, kowane jirgi akwatinsa kaɗai yake saurara, saboda haka ba su cika wannan rigima ba.

Amma su ma da nasu ciwon. Zangonsu gajere ne, santimita 12 da rabi, ruwa kuwa yana shanye shi. Ɗanyen ganye ruwa ne, jikin mutum ma haka. Jirgin da ya kewaya bayan gonar rake a Kudan, ko bayan kukar gari, ya fita daga hannun mai shi ke nan. Sai a nemi fili fetal, kamar filin ƙwallon makaranta.

Kafin a zargi kowa, a fara duba batir, gama batir mai rauni shi ne babban ɓarawo. Sa'an nan eriya. In mai jawowa ce, a jawo ta duka. Kada yaro ya nuna jirgin da tsininta kamar mai harbi, domin ta tsini ƙarfinta ya fi ƙanƙanta, ta gefe take aiki. Janareto da babur kuma, tartsatsin fulogi yakan rikita masu lamba 27, kamar yadda yake sa rediyonku ƙara. A yi nesa da su, da manyan wayoyin lantarki.

Ga gwaji mai sauƙi. Wani ya riƙe jirgin a ƙasa, yaron ya yi taku 30 yana juya sandar. In jela ta amsa daidai, a kunna farfela a sake. In yanzu ta soma rawa, ƙarar daga injin jirgin take fitowa, sai a kai wa mai gyaran rediyo ya lika masa kafasita. Kullum kuma akwati ake fara kunnawa kafin jirgi, shi ne kuma na ƙarshen kashewa. Farfelar da ta tashi ba zato tana iya yanka yatsa ko ta taɓa idon ƙaramin yaro.

Masu zuwa Zariya hutu, ku tuna akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964, jiragen ɗalibai kuwa suna sauka suna tashi. Kada yaro ya kai jirginsa kusa da filin nan ko kaɗan.