Ɗakin Haya A Kan Ruwa: Sana'a Ce Ko Mafarkin Fim Ɗin Indiya?

Yau zan ɗan jingine labarin da muke ciki in taɓa wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, wato wannan yayi na ƙasashen waje inda mutum zai ɗaure jirgin ruwansa a gaɓa, ya zuba masa gado da labule da murhu, ya riƙa bayar da shi haya na kwana ɗaya ko biyu ga masu yawon buɗe ido. Matasanmu suna ganin hotunan a waya, har wasu sun fara cewa me zai hana a yi irinsa a madatsar ruwa ta Goronyo, ko Tiga, ko kogin Argungu. Mu marubuta muna da hannu a wannan kwaɗayi, domin littafi nawa aka rufe da Alhaji ya kwashi amarya sun tafi cin amarci cikin jirgin ruwa a Dubai?

To ni dai ra'ayina shi ne, sana'ar halas ce kuma tana da daɗin kallo, amma wanda ya zuba jarinsa a cikinta a ƙasar nan yau, da hannunsa ya jefa kuɗinsa a ruwa.

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Indiya irinmu ya san tafkin Dal na birnin Srinagar a Kashmir, ko da bai san sunansa ba. A fim ɗin Jab Jab Phool Khile na 1965, Shashi Kapoor ya fito a matsayin talaka mai gidan jirgi, Nanda kuma 'yar masu kuɗi da ta zo hutu ta kama haya a wurinsa. Soyayyar ce ta ɗauke mana hankali a lokacin, ba mu lura da cewa mai gidan ne ke yi wa baƙuwar hidima kamar bara ba. Haka kuwa abin yake tun asali. A ƙarshen ƙarni na 19 sarkin Kashmir bai yarda baƙi su mallaki ƙasa ba, sai Turawan Ingila masu gudun zafin Indiya suka koma kan ruwa, aka riƙa sassaƙa musu gidaje da katako. Iyalan da suka gaji sana'ar, bisa al'ada a wani ɗan ƙaramin jirgi suke zama a bayan babban, a nan suke girki su miƙo wa baƙo, shi kuma yana miƙe a kan kafet.

Wannan bai dame ni sosai ba, kowace sana'a da irin ƙasƙancinta. Abin da ya fi damuna shi ne cinikin gaba ɗaya a kan zaman lafiya ya rataya. Da rikici ya ɓarke a Kashmir a 1989 baƙi suka ɗauke ƙafa na shekaru. Haka aka sake yi a watan Agustan 2019 lokacin da gwamnatin Indiya ta soke 'yancin cin gashin kan yankin, sannan a Afrilun 2025 da aka kashe mutum 26 a Pahalgam. Shi kuwa katako ba ya jiran baƙo, ko an kwana ko ba a kwana ba ruwa na cinsa, dole a yi ta toshe ɓaraka. Gidan ƙasa in babu ɗan haya sai ka garƙame ka tafi. Jirgi in ka garƙame ka tafi, ka dawo ka tarar da shi a ƙarƙashin ruwa.

Mu mutanen Illela ba sai an ba mu labarin wannan ba. An rufe kan iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Ku tambayi duk mai ɗakunan saukar baƙi ko mai tuwo-tuwo a bakin kasuwarmu ta Lahadi yadda ta kaya lokacin da ƙafa ta ɗauke tsakaninmu da Birnin Ƙonni. Su ɗakunansu aƙalla sun jira su. Yanzu ka ɗauki wannan, ka ɗora a kan gabashin Sakkwato inda 'yan bindiga suka hana manomi zuwa gonarsa, ka gaya mini wane baƙo ne zai biya kuɗi ya kwana a bakin ruwan Goronyo, wurin da in an kawo farmaki babu ko hanyar gudu.

Kuma ai saukar baƙo na kwana biyu ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Muna da fatoma tun zamanin fatake, wanda zai ba ka masauki, ya ajiye maka dukiya, ya haɗa ka da dillali, ya kuma tsaya maka in rigima ta taso. Ya san ka, ko ya san wanda ya aiko ka. Tsarin irin na Airbnb, da aka kafa a Amurka a 2008, ya cire wannan sanayyar ne ya maye gurbinta da hoto da taurari biyar. A gari dai akwai maƙwabta da mai unguwa da za su ga shige da fice. A jirgi wa zai gani? Ba sai na faɗi sauran ba, mai karatu ya san abin da mutanen gari za su kira wurin kafin wata ya zagayo, ko da masu shi tsarkaka ne.

Sai maganar rai, wadda ita ce ke sa ni jin nauyin zancen tun farko. A Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara ta Jihar Kebbi, ƙalilan ne suka tsira. A Nuwambar shekarar, a Bagwai ta Jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A Afrilun 2022 mutum 29 suka halaka a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari. A Agustan 2025 kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife da masu zuwa kasuwar Goronyon nan da ake kwaɗayi. Waɗannan duk idonsu biyu, da rana ko da yamma. Muna da hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, amma har yau rigar ceto ba ta zama dole a aikace ba, lodi kuma sai yadda mai jirgi ya ga dama. To ina ga mai barci, ga tukunyar gas da janareto da man fetur a gefensa? Ko a can ma ba su tsira ba. A Satumbar 2019 wuta ta cinye jirgin Conception a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka mutu suna kwance a ƙasan jirgin. A Nuwambar 2023 gobara ta tashi a gidajen jirgin tafkin Dal, ta kashe baƙi uku 'yan Bangaladash. Ban ma taɓo zancen ban-ɗaki ba, wanda in ba a yi masa tanki ba kai tsaye zai zuba cikin ruwan da ƙauyuka ke sha.

Wuri ɗaya da nake ganin abin zai iya yin ma'ana shi ne Argungu lokacin bikin kamun kifi, wanda aka soma a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Baƙi suna yi wa garin yawa, masauki yana ƙaranci. Amma biki ne na 'yan kwanaki, kuma ya taɓa tsayawa na kusan shekara goma kafin ya dawo a 2020. In za a yi, to masunta da Sarkawa ne ya kamata su riƙe, su da suka san halin ruwan, jirgin kuma a ɗaure yake daf da gaɓa, a yini a ciki a ci kifi, in dare ya yi kowa ya hau tudu.

Wanda kuma ya nace sai ya yi, to ya tuna ruwan ba nasa ba ne, izini kawai aka ara masa. A Alƙahira a da akwai gidajen jirgi a bakin Nilu wajen Imbaba, waɗanda Najib Mahfuz ya gina littafinsa Sarsara Fauƙan Nil na 1966 a kan irinsu. A tsakiyar 2022 gwamnatin Masar ta ba masu kimanin 30 daga cikinsu wa'adin 'yan kwanaki, ta rushe wasu, ta janye wasu. Cikin waɗanda aka janye har da na marubuciya Ahdaf Soueif, wadda ta zuba ajiyarta a ciki da niyyar ta ƙare rayuwarta a can.