Raddi ga Masu Kushe Iskar Naitiroks

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin masu nutso a teku da tukunyar iska a baya. Suna cewa iskar da aka ƙara wa oksijin, wadda ake kira naitiroks, ɓarnar kuɗi ce ga mai nutson shaƙatawa, kuma tana iya kai shi kushewa. Tun farkon shekarun 1990 ake wannan jayayya a Amurka da Ingila. Masu maimaita ta a yau hujja uku suke riƙe da su, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, sun ce iskar da Allah ya ba mu ta wadatar, me ya kai mutum gyara ta? A doron ƙasa kam ta wadatar. Amma mai wannan magana ya manta abin da ruwa ke yi wa jiki. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kashi 78 naitirojin. Duk mita 10 da mutum ya nitsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na sararin sama gaba ɗaya, har a mita 30 ya ninka sau huɗu. Jiki ba ya aiki da naitirojin. Matsin ne ke narkar da ita cikin jini da tsoka. In mutum ya daɗe a ƙasa ya kuma taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jikinsa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Daga nan ciwon gaɓoɓi ke zuwa, wani lokaci shanyewar jiki, wani lokaci ajali. Bafaranshe Paul Bert ya bayyana wannan tun 1878.

To, in aka ɗaga oksijin zuwa kashi 32, naitirojin ta sauko zuwa 68. A jadawalin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, mai shaƙar iskar yau da kullum yana da minti 56 a zurfin mita 18 kafin ya kai iyaka, mai naitiroks 32 kuwa minti 95. A mita 30, wancan minti 20, wannan minti 30. Kada a raina minti goma. Jirgin Thistlegorm da aka nutsar a Bahar Maliya a 1941 yana kwance a kusan mita 30, da babura da manyan motoci a cikinsa. Wanda ya biya kuɗin jirgi zuwa Masar don ya gan shi, ya san darajar kowane minti. Kuma masu kwana a jirgin ruwa suna nutso sau uku ko huɗu a yini, naitirojin ta safe ba ta gama fita ba a ɗora ta rana. A nan amfanin ya fi fitowa fili. Wanda ma ba ya son ƙarin lokaci, zai iya shaƙar naitiroks ya tsaya kan iyakar iskar yau da kullum, ya fito da ƙarancin naitirojin a jiki.

Ta biyu ita ce mai nauyi: oksijin guba ce a zurfi. Wannan gaskiya ne, ba na musu. In matsinta ya yi yawa, mutum na iya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya, bututun numfashi ya suɓuce daga bakinsa, ruwa ya ci shi. Sai dai iyakar sananniya ce, lissafinta kuma ba wuya. An tsayar da matsin oksijin a ninki 1.4 na matsin sararin sama, wanda ya sa mai naitiroks 32 ba ya wuce kusan mita 33, mai 36 kuma kusan mita 28. Kafin shiga ruwa, mai nutso da kansa yake auna tukunyarsa da na'ura, ya rubuta kason da iyakar zurfin a jikinta, ya saita kwamfutar hannunsa. Haɗarin da aka san wurinsa, aka kuma san ma'auninsa, horo yake buƙata. Wuta ma tana cin gida, amma ba a daina girki ba.

A nan dole in juyo ga namu. Wasu masu yabon naitiroks suna cewa tana ba da damar zurfafawa. Kuskure ne mai kisa, domin rage zurfi take yi. Wasu kuma suna rantsuwa tana hana gajiya, alhali gwajin da aka yi a Ostireliya a 2003, inda masu nutson ba su san iskar da aka ba su ba, bai nuna bambanci ba. Irin waɗannan maganganu ne ke ba masu kushe makami.

Ta uku, wai dabarar 'yan kasuwa ce. Tarihi ya ƙaryata wannan. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ita ta fitar da ƙa'idojin naitiroks a 1979 ta hannun Dokta Morgan Wells, don masu bincikenta. Dick Rutkowski, tsohon ma'aikacin hukumar, ya fara koyar da ita ga masu shaƙatawa a 1985. PADI ba ta karɓe ta ba sai 1996. 'Yan kasuwar su suka zo a ƙarshe.

Abu ɗaya zan bar musu: mai iyo a mita 10 yana kallon kifaye, iskarsa za ta ƙare kafin naitirojin ta dame shi, don haka ya riƙe kuɗinsa. Amma mai nutso tsakanin mita 18 da 30, sau da yawa a yini, ya nemi horo, ya auna tukunyarsa da hannunsa, ya shiga da naitiroks.